A Cinyar Gwaggo Daga Yamai Zuwa Maraɗi

Yatsunsa na fara gani. Dogaye ne, farcen a yanke tsaf, suna yagar tikiti a tagar wani gidan tarihi mai namun daji a birnin Yamai. Sai da layi ya matsa na hango fuskar: saurayi ne baƙi mai ɗan saje, cikin yadi ruwan toka. A littattafan soyayyar da nake haya a kasuwar Funtuwa, a irin wannan wuri ake haɗa ido, daga nan sai aure. Shekaruna goma sha shida, na zizara kwalli, na yafa gyalen da na aro wurin yayata. Bai ko ɗago kai ba, amma ni har na zaɓa wa 'ya'yanmu sunaye.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta ɗauko ni daga Maska in raka ta biki. Siririyar mace ce mai kaifin kunne idan ana maganar rangwame. Sai ta ji matar da ke gabanmu tana cewa yaran da ba su kai sha biyu ba rabin kuɗi suke biya. Ta dube ni sama da ƙasa. Ni kuwa gajera ce, ba ni da jiki.

"Zo nan, 'yar nan."

Ta ja ni bayan wata darbejiya, ta tofa yawu a bakin zanenta, ta goge min kwalli. Ta cire min 'yan kunne, ta ƙwace gyalen, ta zura min hijabin da ta sayo wa jikarta tsaraba.

"Gwaggo, don girman Allah..."

"Rufe min baki. Ki ɗan rage tsawo, ki bar yangar nan."

Da muka isa taga ta ce, "Babba ɗaya, yarinya ɗaya." A lokacin ya ɗago. Ya yi min murmushi irin na cikin littafi, sannan ya ce, "'Yar ƙanwata, aji nawa kike? Kada ki sa hannu a kejin kura, kin ji?" Ya miƙo min alewa.

Ban ga komai a gidan nan ba. An nuna mana takubba da tukwanen mutanen da, ni kuwa fuskar Gwaggo kawai nake kallo ina haɗiyar zuciya.

Ranar komawa, a tasha, ta so ta maimaita. Ta ji cewa yaron da aka ɗora a cinya ba ya biyan ko sisi, sai ta sake zura min hijabin.

Yaron mota ya ce, "Hajiya, wannan ai ta isa kujera."

"Wace kujera? Ƙashi ne kawai ya yi mata yawa. A cinyata za ta zauna, ba ta iya barci sai a jikina."

Dabararta ita ce mota na tashi ta ture ni kan wani buhun albasa da ke tsakanin kujeru. Muna fita gari ta fara zungurina. Na gyara zama, na sa baki a kunnenta.

"Gwaggo, a cinyarki kika ce. Ko in gaya wa yaron mota shekarar da na fara azumi?"

Ta daina zungurina. Ta san za a sa ta biya kuɗin kujera, a kuma yi mata dariya a gaban baƙi.

Tun da yarinya ce ni, sai na zama yarinya. Na ce ƙosai nake so, aka saya. Na ce rake, na tauna na zuba mata tuƙa a zane. Duk ramin da mota ta faɗa, sai in saki jikina gaba ɗaya a kan gwiwarta ta hagu. Da ta mintsine ni na ƙwalla ƙara, wani dattijo ya waiwayo.

"Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah mana. Yarinya ce fa."

Bayan Doso ta fara nishi. A Dogondutsi, da aka tsaya salla, a zaune ta yi tata. Wajen Birnin Ƙonni ta raɗa min, "Tashi, ja'ira, zan biya miki kujera."

"Mota ta cika, Gwaggo."

Na kwantar da kaina a ƙirjinta, na yi barcin da ban taɓa yin mai daɗinsa ba. A Maraɗi sai da mata biyu suka kama ta kafin ta sauko. Daga nan har Funtuwa kujerata daban, kusa da taga, gyalena a kafaɗa.

Yanzu Gwaggo tana Danja wurin babban ɗanta, da sanda take zagaya tsakar gida. Likita ya ce tsufa ne, ita kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce masa ni na kashe mata gwiwa. Ban taɓa musa mata ba. Idan na je da salla nakan kai mata man zafi, ta karɓa, ta nuna min tabarmar da ke can bakin ƙofa.