Ƙwaryar da Inna ta ba Madam

Innata ta tsufa tana zanen ƙwarya a Matankari, ba ta taɓa sayar da ko ƙoƙo guda ba. A wurinmu aikin maza ne, amma ubanta bai haifi namiji ba, ita ce ke hura mishi wuta tun tana ƙarama, har hannunta ya zo ya fi nashi. Shi yakan kai nashi kasuwa. Ita da ta gaji wuƙaƙen sai ta ce ba za ta tsaya wani ƙato yana juya aikinta yana neman aibu don a rage mishi ba. Maganar ke nan, ba ta ƙara ba. Ta zana, ta bayar.

Takan zauna gindin rumbu da kaskon garwashi, wuƙaƙe uku a cikin wuta, ƙwarya kife a cinyarta. In wuƙa ta yi ja ta ɗauko ta ja layi, hayaƙi ya tashi, ta mayar ta ɗauko wata. Ba ta fara shata komai da gawayi. Duk gidan ya ɗauki ƙaurin duma, har tuwonmu ƙauri yake yi. Ungozomar unguwa tana da ƙwaryarta, Bafillatanar da ke kawo nono tana da biyu, wata tsohuwa 'yar bori daga Lugu ta tsaya shan ruwa ta tafi da masaki. Bayan samun 'yancin kai wani ma'aikaci ya zo daga biro, wato ofishin kwamandan, da takalmi mai ƙara, ya ce ana neman kayan gargajiya da za a nuna wa manya, a faɗi kuɗi. Inna ta ce ba ta sayarwa ba ce. Yana nan tsaye yana bayani da Faransanci rabi da Hausa rabi, wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, Inna ta miƙa mata ƙwaryar ta ce ta haɗa da wannan. Mutumin ya kalli ƙwarya tana fita zaure, ya gyara hularsa, ya bi bayanta.

Kowa ya samu ban da ni, saboda ni ce ɗiyar fari. Uwa a wurinmu tana jin kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunanshi, ba ta kallonshi ido da ido, ba ta miƙa mishi abu hannu da hannu. Wasu matan sukan sassauta in shekaru suka ja. Inna ba ta san sassauci ba. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma, gida biyu ne tsakaninmu amma kamar wani gari. In dole ta ambace ni sai ta ce "waccan", bayan na yi aure a Dogon Dutsi na samu ƙarin girma na zama "mutanen Dutsi". Ƙannena uku kowace an kai ta ɗaki da jeren ƙore masu zane. Ni aka kai ni da farare tas, kakata ta sayo su a kasuwa.

Ban taɓa roƙo ba, ba a roƙon wannan. Amma abin yana cina, in faɗi gaskiya. Sai in je suna ko biki a ba ni fura a ƙwaryar uwata a gidan wasu, in sha in yaba zanen kamar baƙuwa, in mayar. Ba ƙwarya na rasa ba. Ina son abu guda da zan ce hannunta ya yi shi yana sane da ni.

Mijina tela ne a Dogon Dutsi, muna haya a wani gida mai ɗaki huɗu kusa da kasuwa. Ɗakin da ke fuskantar namu na wani ma'aikacin gidan waya ne da matarsa, mutanen can kudu bakin teku, Kirista. Duk unguwa Madam muke ce mata. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa, mai gaisuwa da durƙuso, Hausarta kamar ana jan akuya da igiya. Ba ta haihu ba, ba ta da kowa a garin, ran Lahadi ta ɗaura zanen ado ta tafi mishan ta dawo. Matan unguwa ba su ƙi ta ba, ba su kuma ja ta ba. Ni ma gaisuwa ce da aron wuta tsakaninmu.

Wata shekara bayan girbi autarmu ta zo ta ce mini hannun Inna ya fara rawa, ludayi ma sai ta riƙe da hannu biyu. Ta ce amma akwai wata ƙwarya da take ta fama da ita kusan wata biyu, da safe kawai, kafin rawar ta tashi, in ta ji tafiyar mutum sai ta rufe da zane. Ta kuma ce ta ji Inna tana gaya wa wuƙaƙen cewa daga wannan sun huta. Na ce wa auta, "To, Allah shi ba mai rabo." Ta dube ni, na dubi tukunya. Raina kuwa ya riga ya tashi tsaye.

Ran Juma'a, ranar kasuwar Dutsi, sai ga Inna da ƙunshi a ka. Da can in za ta zo gidana tare take zuwa da wata aminiyarta, ita ce bakinta kuma ita ce hannunta. In Inna ta kawo daddawa, aminiyar za ta karɓa ta juyo ta ba ni. Ranar aminiyar tana kwance da zazzaɓi, Inna ta zo ita kaɗai. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye ruwa. Ta zauna ta ba ni gefe, ta gaida gidan, ta tambayi lafiyar maigida da yara tana kallon turmi. Na amsa ina kallon murhu. Mun saba, ba abin da ya ɓace a hanya.

Sai Madam ta fito da tsintsiya, ta ga baƙuwa, ta zo ta durƙusa. "Sannu Mama, sannu da zuwa." Na ga Inna ta dube ta kamar wadda ta tsinci abin da take nema. Ta kwance ƙunshin da hannunta mai rawa, ta fito da ƙwarya, ta miƙa mata.

Ko yarinyar da ta fara tallan ƙosai jiya ta san abin da ake yi a nan. Uwa ta zo gidan ɗiyar fari ta ba wani abu a gaban ɗiyar, ai ba naka ba ne, aron hannunka aka yi. Ka karɓa, ka ce an gode, ka juya ka ajiye a cinyar mai shi. Na ma riga na goge tafin hannuna a zane.

Madam ta karɓa da hannu biyu. Ta juya ƙwaryar, bakinta a buɗe. Duk garin an san tsohuwar Matankari mai kyautar ƙore, ita ma ta ji labari. Ta ce, "Ni, Mama? Marsi, Mama! Marsi!" Ta rungume ta a ƙirji, ta sake durƙusawa, ta shige ɗaki, har ta mance tsintsiyar.

Muka zauna, ni da uwata da tsintsiya. Inna ba za ta ce a dawo da ita ba, don in ta faɗa ta furta da bakinta cewa don ni ta yi. Ni ba zan ce tawa ce ba a gabanta. Kaza ta zo ta sha ruwan baƙuwa, ba wanda ya kore ta. Can Inna ta ninke zanen ƙunshin, ta ce wa turmi, "Rana ta yi, bari in kama hanya." Na raka ta ƙofa ina bayanta.

Da mijina ya dawo na gaya mishi, ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce, "Haba, wannan har wani abu ne? Taku biyar ne. Je ki yi mata bayani." Na ce gobe. Washegari na leƙa ɗakinta da sunan aron ashana, na tarar ta rataye ƙwaryar a bango kusa da gicciyensu, ta sa ƙyalle mai fure a ƙarƙashi. Ba fura, ba hatsi, ƙwarya a bango kamar hoto. Na karɓi ashana na fito. Haka na yi ta cewa gobe har sanyi ya shigo. Ashana kam ban rasa ba a watannin nan.

Ana nan sai takarda ta zo daga sama cewa ma'aikata 'yan ƙasar su Madam su tattara su koma gida. Ba mu san abin da ya haɗa manya ba, mu dai mun ga an ba su 'yan kwanaki. Ranar da na ji, abin ya dame ni, kuma Allah ya gani ba don tausayinsu ba ne da farko. Ƙwaryata za ta ƙetare iyaka. Na ce wa mijina yau kam sai na faɗa, ko za a mutu.

Na samu Madam da hantsi tana zaune a tsakiyar kaya. Kafin in zauna ta turo mini dutsen guga da tukwane biyu da kujerarta 'yar tsugunno, ta ce ba wuri a mota, in riƙe. Na yi godiya, na gyara murya. Sai ta miƙe ta sauko da ƙwaryar daga bango, ta ɗauko zanen da take zuwa mishan da shi za ta naɗe. Ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Shekara uku ni nan. Kowa sannu Madam, sannu Madam. Mama kaɗai ya ba ni abu. Wannan ni riƙe a ƙafa cikin mota, ba a sa a kaya." Hawaye na zuba, tana sharewa da bayan hannu.

Maganar da na shirya ta koma ciki. Na ce, "Madam, ba ni in gani." Ranar na fara riƙe ƙwaryar.

Ba nauyi, baƙin zanen ya kwanta sumul, ƙananan layuka a jere kamar kitso. Amma daga baki zuwa gindi akwai dogayen layi biyu a kowane gefe, irin tsagar Arawa da ke kumatunmu, daga gefen baki zuwa kunne. A gefen hagu, layin ƙasa ya tafi daidai, ya kai tsakiya ya ɗan karkace, sannan ya koma hanya. Tsagata ke nan. A duk danginmu ni kaɗai ce tsagar kumatun hagu ta karkace a wannan wuri, yara sun sha tsokanata da ita. Matar da ban taɓa kama idonta a kan fuskata ba ta san inda karkatar ta fara da inda ta ƙare.

Madam ta ga na tsaya a wurin, ta sa yatsa a kai. "Nan hannun Mama ya yi rawa. Ba komai. Ni so haka."

Na ce, "E, ya yi rawa." Na miƙa mata, na taya ta naɗewa, na ɗaure bakin zanen da kaina don ita ba ta iya ƙulli mai ƙarfi ba. Washegari babbar mota ta kwashe su. Na gan ta a sama kan kaya, ƙunshin a cinyarta, tana ɗaga mini hannu ɗaya. Na koma ɗaki na yi kuka mai isata, sannan na ɗora girki a tukunyarta.

Bayan sati biyu na tafi Matankari. Na tarar da Inna gindin rumbu, ba kasko, ba wuƙa, hannuwanta a cikin zane. Auta tana sussukar gero a gefe. Aka gaisa yadda aka saba. Sai Inna ta ce wa auta, "An ce baƙin nan na Dutsi sun tahi."

Na ce wa auta, "Sun tahi."

Inna ta ce, "Ko mutanen gidan sun samu ganin abin nan kahin a wuce da shi?"

Auta ta dube ni. Na ce, "Ki ce mata an gani. An gani har wurin da ya karkace."

Inna ta dubi katanga. Auta ta tsayar da taɓarya. Sannan Inna ta ce, ba da ni ba, ba kuma da auta ba sosai, "Ba laihin wanzami ba ne. Yarinyar ce ta motsa. Ina bayan danga ina ji, na so in ce a riƙe mata kai da kyau, to ba dama in yi magana."

Ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta ce hayaƙi ya dame ta. Ba a hura wuta a gidan ba tukuna.