Duwatsun Murhun Kakata

Jiya aka yashe rijiyar bayan gidanmu, ƙanshin ɗanyen yashi ya biyo iska har ɗakina. Sai na gan ni ƙaramar yarinya, shekarar da gonakinmu na wajen Falanko suka gaji, kakana ya ja mu arewa neman sabuwar ƙasa.

Ku da kuka tarar da garin nan a cike ba za ku yarda ba. Tudun rairayi ne kawai, da aduwa, da ƙarangiya mai cin ƙafa. Gabas fako, yamma kwarin da ruwan damina ke kwanciya. Mutanen ma nawa ne? Gidanmu, na baffana, na wani maƙeri, sai Ba'abzinen, wato Buzun da ya nuna mana wurin.

A al'adarmu ba a kafa murhu a sabon wuri sai rijiya ta ba da ruwa. Kafin nan ku baƙi ne, wurin ko suna ba shi da shi. Kakata ta taho da duwatsun murhunta daga tsohon gari, suna nan ɗaure cikin fata. A rami muke girki kamar fatake.

Babana ne a ƙasan rijiya yana haƙa. Rani ya yi nisa, ruwan kwari ya koma laka, kwando kuwa kullum busasshen yashi yake hawowa da shi. Matar baffana ta fara ɗaurin kaya.

"Inna," ta ce wa kakata, "duwatsun nan sun fi mu wayo, ko kwancewa ba su yi ba."

"Da an haɗa da bakinki an ɗaure, da mun huta," in ji kakata.

Kakana ya ce in Juma'a ta zagayo babu ruwa, mu koma. To mu koma ina? Gonakin can an riga an ba wasu.

Ranar da aka fara ɗora wa jakuna kaya, da hantsi, kwando ya hawo da nauyi. Kakata ta dumbuzi yashin ta matse, ya tsaya curi a tafinta bai watse ba.

"Ai wannan ba ruwa ba ne tukuna," in ji matar baffana.

"Ya dai yi sallama." Kakata ta zauna a ƙasa, sannan ta dube ni. "Ƙawata, kwanto mini fatar nan."

Yau ga kasuwa, ga lakwal, wato makarantar boko, ga fuskokin da ban san iyayensu ba. Baƙo kan sauka da safe, da rana har ya hura wuta. Duwatsun nan kuwa suna madafata, sun yi baƙi ƙirin. Ba a sake ɗaure su ba.