Ɓerayen Rurum da Ba Su Taɓa Ganin Rurum Ba

Ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da ɓera ya kusa cinye mini aiki ba. Ku sababbin ɗauka, ku buɗe kunne.

Lokacin ina mai ɗana tarko a ayarin wata Dakta daga jami'a. A muƙami, daga ni sai tayar mota. Aji huɗu na yi a firamare, amma Dakta ta fahimtar da ni aikin: ƙwayar ciwon hanta da ke jikin ɓeraye da jaɓa dangi-dangi ce. Kaka ɗaya, amma nisa da daɗewa sun sa kowacce ta sauya kama, kamar Hausar Rano da ta Sakkwato. So take ta gwada ta duwatsun Rurum da ta gonakin Madachi da ta Kibiya.

Ka'idar ita ce: da la'asar a ɗana tarko da ƙuli-ƙuli, da safe a duba, a sa safar hannu da takunkumi, a ɗebi jini da tsokar hanta a kwalba, a liƙa takardar sunan wurin, a jefa cikin ƙanƙara. Rubuta takardar aikin shugaban fita daji ne, Malam Sabi'u, mai digiri biyu da farin takalmi.

Bayan kaka muka isa gindin dutsen Rurum. Malam Sabi'u ya ɗaga kai, ya dubi takalminsa.

"Baba Iro, akwai macizai a sama?"

"Ranka ya daɗe, gidansu ne."

"To, ɓera ai ɓera ne."

Muka juya Kibiya, muka zube tarkunan duka a rumbunan wani manomi. Ɓeraye suka yi ta faɗawa, shi kuma yana raba musu garuruwa da biro: wannan Rurum, wancan Madachi. Ni dai ina da ɗabi'a, duk tarkon da na ɗana sai na rubuta lambarsa da wurinsa da ajami a ɗan littafina. Ya leƙa ya yi dariya. "Baba, layar kama ɓera ce?" Na ce e, gado ce.

Bayan wata uku Dakta ta kira mu ofis. Na'ura ta nuna ƙwayar wuraren uku iri ɗaya ce sak, kamar an tsaga kara.

Malam Sabi'u ya gyara tabarau. "Dakta, babban bincike ne wannan. Ɓerayen suna bin motocin hatsi tsakanin garuruwan."

Na ce, "Ƙwarai. Har na ga wani ɓeran a gidan gaba na mota yana rigima da kwandasta."

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta duba nauyin ɓerayen da aka rubuta, ta ce ɓeran dutse ba ya yin wannan ƙiba. Nan take Sabi'u ya nuna ni. "Tsohon nan ne ya cakuɗa kwalaben. Ba ya karatu. A sallame shi kawai."

Ga ni da iyali. Na zaro littafin na miƙa. Ashe Dakta ta yi makarantar allo kafin boko. Ta shiga karantawa da ƙarfi: "Tarko na ɗaya, Kibiya, rumbun dawa. Na biyu, Kibiya, rumbun dawa." Ba ta tsaya ba sai a shafin ƙarshe. Ta rufe, ta ce, "Malam Sabi'u, layar ta ci."

Aka zubar da aikin wata uku. Mako na gaba shi ya hau dutsen da buhun tarkuna a ka, ina bayansa ina ce masa ya kula da ramuka. Da aka auna na gaskiyar, ƙwayar Rurum daban ta fito.

Abin da na koya: na'ura ba ta ƙarya, amma ba ta hawa dutse. Abin da aka liƙa wa kwalba shi za ta rantse a kai. Sabi'u kuwa na ji yanzu shi ma Dakta ake ce masa. Ni har yau ƙuli-ƙuli nake dakawa.