Na Kai Littafi na Uku, Uwata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran 'yata Aminatu Maude a asibiti a Gwagwalada, bayan shekara biyu tana fama da ciwon ƙoda. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar miji, da 'ya'ya mata biyu, da littattafai huɗu, da uba guda wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu na firamare. Uban ne ke wannan rubutu, saboda haka masu ilimi su yi haƙuri da abin da za su gani.

Uwata, sunan mahaifiyata aka sa miki, ban kuma taɓa iya kiranki da wani suna ba. Mutane sun san ki da birnin Dalmazau, wanda kika gina a bakin teku da alƙalami. Kin yi masa ganuwar gishiri, da ƙofofi bakwai duk suna kallon ruwa, da manyan kifaye masu jan jirage kamar shanun noma. Ke da aka haifa a Nyanya, inda babban ruwanmu shi ne kwata in ta cika da damina! Lokacin da kika fara, kin zo kin tambaye ni yadda teku yake, tunda na taɓa zuwa Legas ina yaron mota. Gaskiyar magana ranar ruwa ake yi, ina ƙarƙashin tamfol, ban ga komai ba. Amma na zauna na zuba miki labari har la'asar. Kika yi godiya da ladabi. Daga baya na gano ko kalma ɗaya ba ki ɗauka ba.

Kina koyarwa a Sheda, kina goyo, kina rubutu a motar haya da takarda a kan cinya. Ɗalibin da ba shi da littafi, naki kike ba shi. Ko a ɗakin wankin ƙoda ba ki huta ba. Akwai Magdalene, manomiya daga Yangoji da ke gadon kusa da naki, mai tsoron injin nan kamar me. Kika riƙa karanta mata Dalmazau har awa huɗun wankin ya wuce. Ta zo gaisuwa, ta ce mini tun da ta fara jinya ba ta taɓa ɗokin ranar asibiti ba sai da ta haɗu da ke.

Yanzu ga laifina. Shekara talatin ina riƙe da allon layi a tasharmu: motar da ta riga zuwa ita ke fara lodi, ko da ta ciyaman ce ke baya. Ɗan tasha kuma ba ya cewa bai san gari ba. Littafinki na farko na ajiye shi a tebur ina fifita da shi, ina nuna wa kowa sunana a bango. Rannan Godfrey, direban hanyar Kwali, ya ce, "Oga Maude, wannan Dalmazau ɗin ta ina ake bi?" Na ce masa gaba da Lakwaja ne kaɗan, amma hanyar ba kyau. Labari ya zagaya tasha har ya iso kunnenki.

A watan Nuwamba na zo duba ki. Kika ce, "Baba, wa ka fi so a littafin?"

Na ce, "Sarkin mana."

Kika ce, "Sarakuna huɗu ne, Baba, duk azzalumai."

Na ce ai na tsakiyan nake nufi. Kika yi dariya har nas ta leƙo. Da dariyar ta lafa kika riƙe hannuna kika ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ka karanta har littafi na uku. Akwai wanda nake so ku gaisa. Kada kuma ka sa wani ya karanta maka, kada ka tsallake." Likita ya riga ya kira ni da mijinki Ikrama gefe, na san lokacin da nake da shi ba shi da yawa.

Na sayi tabarau a bakin gada. Ina bin rubutu da yatsa, leɓena na motsi, fasinja na zagina don na manta da su. Da farko shafi uku nake yi a wuni. Sau biyu na ɗauki na ukun zan faɗa tsakiyarsa, sai na ji kunyarki na ajiye. A hankali sai ga ni na daina karatu don alkawari, ina yi don in san ko za a kama wanda ya sayar da makullin ƙofa ta biyar. Direbobi suka riƙa taruwa ina ba su rahoto, Godfrey na gardama a kan kifayen. Ke kuma kullum kina ƙara ramewa, kullum tambayarki ɗaya: "Ina aka kai?"

Ranar Lahadi da hantsi na kai wurin. Teku ya taso zai cinye Dalmazau, jama'a sun cika mashigar jirage, jirgin sarki ya danno yana so a fara yi masa lodi. Sai ga wani tsoho mai tumbi da alli a bayan kunne, ya tsaya gaban allonsa ya ce jirgin masunta ne a kan layi, sarki ya jira. Aka ɗora masa takobi a wuya. Ya ce a sare, amma a bar shi ya gama rubuta na gaba tukuna. Na rufe littafin, na bar allo a hannun Godfrey, na hau mota.

Na same ki ba kya iya ɗaga kai. Na zauna na karanta miki shafin da bakina, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Da na gama na ce, "Uwata, tumbin ya yi yawa." Kika ce, da muryar da sai na sunkuya na ji, "Na ma rage, Baba." Ni da na ɗauka duk rayuwata ihu kawai na yi a tasha, ashe akwai mai kallo. Kwana biyu bayan nan kika tafi.

Allah ya jiƙanki, Aminatu. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Ina yi wa Ikrama ta'aziyya, wanda bai taɓa gajiya da jinya ba, da jikokina Bilqis da Muhibba, da mahaifiyarki, da ɗalibanki na Sheda, da masu karatunki da suka yi ta kira daga garuruwan da ni kaina, in faɗi gaskiya yau, ban san su ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Na yafe miki duniya da lahira, duk da na bincika ban sami abin yafewa ba. Ke ce za ki yafe mini jinkiri.

Maude, tashar Nyanya, Abuja