Butar Baba Gimba

Har gobe ban manta da ranar da Baba Gimba ya zo neman haƙƙinsa na zama ɗan fim ba. Lokacin ina kula da ɗakin ajiyar kaset a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Potiskum. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni ke fito da waƙoƙin da za a sa a shirin gaishe-gaishe, ni ke mayar da su, in kuma zare ya kama, ni ke zama da biro ina juyawa.

A shekarar da aka sa mana sola, shugaban sashen shirye-shirye, Malam Bukar, ya dawo daga Kano da filas ɗin kwamfuta. A ciki akwai waƙoƙin tsofaffin finafinan nan da aka sake fitarwa, an wanke sautin, an dawo da baitocin da aka yanke, har da kiɗan da ba a taɓa ji ba. Batiran sola kuma na neman ɗaki. Sai aka kafa kwamiti ya duba ko za a zubar da kaset a koma sababbin. Ni dai na riga na kaɗa ƙuri'ata a zuci, don na gaji da biro.

Ƙa'ida ita ce a gwada kafin a yanke hukunci. Muka sa sabuwar wata waƙar soyayya da aka fi tambaya. Ba ta ƙare ba waya ta fara ruri. Wani mahauci daga Kasuwar Shanu ya ce, "Wannan jabu ce! Ina butar?" Wata mata daga Fika ta ce mu ji tsoron Allah, mun yanke wurin da ya fi daɗi.

Ga asalin maganar. Kaset ɗinmu kwafi ne da aka yi a situdiyonmu tun da daɗewa, aka manta makirfo a buɗe. Daidai inda saurayin ke tambayar budurwar abin da ke damunta, sai ka ji ƙofa ta bugu, wani ya daka tsawa: "Kai! Wa ya ɗauke min buta?" Baba Gimba ne, mai sharar gidan a lokacin. Mu mun saba har ba ma ji. Ashe garin nan kaf sun ɗauka amsar budurwar ke nan, kuma da ita suke rerawa.

Ranar zaman kwamiti sai ga Baba Gimba daga Danchuwa, ya sha babbar riga, ya daɗe da yin ritaya. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi Malam Bukar.

"Ranka ya daɗe, laifin me na yi aka cire ni daga fim?"

"Baba, ai ba ka cikin fim ɗin."

"To wa ke neman butar?"

Baba ya ce a ƙauyensu in waƙar ta zo, jikokinsa kan ruga su kira maƙwabta. Jiya an taru, waƙa ta wuce babu shi, har wani ya ce dama can ƙarya yake yi. Dariyar da nake dannewa sai ta maƙale min.

Injiniyanmu ya ce muryar ta cakuɗe da tsohon kiɗan, ba ta ciruwa, amma Baba na iya sake faɗa a ɗora a sabuwar. Muka shigar da shi situdiyo. Yana ganin jar fitila ya gyara hula, ya yi sallama, ya gai da masu sauraro na gida da na daji, ya ce, "Jama'a, don Allah ko an ga butata?" Aka sake. Ya ƙara da godiya.

Sai Malam Bukar, mutum mai digiri, ya ja ni gefe ya ba ni umarni a hukumance: in azahar ta yi, in ɓoye butar da Baba ya zo da ita, injiniya ya laɓe da makirfo. Haka na tsuguna bayan janareta da butar dattijo a hannu. Baba ya fito, ya duba nan, ya duba can. Muka kasa kunne. Sai ya zauna a kan benci ya ce a hankali, "Lawan, fito da ita, na ga ƙafarka. Mai waccan muryar yana da haƙora da ƙarfin faɗa. Ni yanzu ba ni da ko ɗaya. In kun zubar da kaset ɗin, shi ke nan ya tafi."

Wallahi kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta. Na zuba masa ruwa da kaina.

Kwamiti ya amince da sababbin, batira suka samu ɗaki, amma waccan waƙar aka bar ta a tsohuwarta. Ni da na fi kowa son a zubar, ni na kwafe ta a kwamfuta da tsawar da komai. Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke aikin yanzu: kafin ku goge abin da kuke kira hayaniya, ku fara tambaya ko akwai mutum a ciki.