Ƙwayoyin da nake rantsuwa a kansu

Jiya ina butik ɗina, shagon da nake sayar da talabijin, ina jera kwalayen tele da suka iso daga Kwatano, sai ga ƙanwata Balkisa, ta zo bakansi, wato hutu, daga Faransa. Shekara huɗu tana neman digirin doktora, ni kuwa har yau ban gamsu karatu take yi ba.

Na ce, "Ke Balki, tsakaninki da Allah, me kike yi a can?"

Ta nuna mini hoton wasu ƴan kwalabe, ruwan ciki yana ƙyalli, ja da kore. Wai duk sinadari ɗaya ne, ƙwayoyin da ido ba ya gani, girmansu ne kawai ke canza launin. Aikinta ta harba musu hasken lazer, ta auna yadda suke amsawa cikin lokacin da ko ƙiftawar ido ta yi masa tsawo.

Na ce, "Abin da ba ki taɓa gani ba? A tashar Gaya ma akwai masu zuba kala a ruwa su ce magani ne."

Sai ta ɗora yatsa kan wani kwalin tele, inda aka buga sunan ƙwayoyin ɓaro-ɓaro.

"Yaya, ai su ne waɗannan. Kai da kake rantse wa mutane suna cikin telenka, ka taɓa aunawa? Wasu sunan ne kawai a jikin kwali, babu su a ciki."

Yau masu saye biyu sun tambaye ni ko da gaske ƙwayoyin suna cikin telen, na kasa rantsewa. Ƴan'uwa ƴan kasuwa, ku kun taɓa leƙa cikin abin da kuke rantsuwa a kansa?