Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa aka yi mana ƙarin albashi, abokan aikina malaman makaranta duk babura suka saya. Ni kuwa da iyayi, sai na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki daga hannun wani Bature da ya ƙetaro Sahara. Da gado a cikinta, da risho, injinta a baya, kuma iska ke sanyaya shi, ba a zuba mata ruwa. Wannan bayanin na yi wa mutanen Katsina shi har suka gaji da ni.

A wata bazara aka aiko daga Maraɗi cewa kawuna yana kwance rai a hannun Allah. Shekara bakwai ba sa magana da mahaifiyata saboda rigimar gona, kuma ta ce ba za ta yafe wa kanta ba in ya tafi ba su gana ba. Muka kama hanya.

Na ce, "Inna, ki kwanta a gadon mana."

Ta dube shi ta ce, "Da mai shi." Ta zauna a ƙasa kan tabarmarta. Na yi dariya, na ɗauka tsufa ne.

Mun wuce Jibiya, an buga mana takardu a Magama, mun shiga Nijar ke nan da kaɗan, sai motar ta mutu kusa da wata aduwa. Babu tari, babu hayaƙi. Rana tsaka, ko tsuntsu ba ya kuka.

Na taka zuwa ƙauyen gaba na samo bakanike. Fijo kaɗai ya sani, gaban motar ya tsaya yana neman inji. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya aika a kira wani dattijo da ya taɓa yi wa Turawa aiki. Lokaci na tafiya, Inna na jan carbi, ni kuma ina jin haushin kaina da ban sa ta a motar haya ba.

Dattijon ya iso a kan keke. Bai buɗe inji ba. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon gadon, sannan ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, ba ni ruwa."

Nan malanta ta motsa. Na ce, "Baba, ai wannan motar ba ta shan ruwa."

Ya ce, "Na sani. Wagga mota na san ta tun kahin ka san ta."

Inna ce ta miƙa masa butarta. Ya wuce bayan aduwar, muka bi shi. Akwai wani ɗan tudu da aka kewaye da duwatsu, tsawonsa bai wuce kamu uku ba. Ya tsuguna ya yayyafa ruwan a hankali, daga kai zuwa ƙafa.

Ya ce, "Ɗiyar Anasaran ce. Zazzaɓi ya kama ta a hanya, nan ta cika, bisa gadon can. Ni na gina ramin. Da uban zai tahi, motar ta ƙi tashi, sai da muka tura ta har iyaka." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Je ka murza."

Na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na kasa waiwayawa baya. Da na daure na dubi madubi, sai na ga Inna ta hau gadon tana gyara mayafi.

Ta ce, "Yarinyar ta sauka. Yi sauri, kada mu rasa shi."

Mun tarar da kawu da sauran numfashi. Ta riƙe hannunsa, suka yafi juna, kafin la'asar ta yi sanyi ya cika. Har Inna ta bar duniya ba ta ƙara tayar da zancen gadon ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta abin da ta gani ba.

Masana mota sun sha gaya mini cewa zafi ne ya hana fetur tafiya, da injin ya huce ya tashi. Na yarda, ni ma haka nake faɗa in ana hira. Amma har yanzu in na tuna, tsoro nake ji, da tausayin uban nan da ya karɓi kuɗina ya miƙa mini makulli bai ko dubi motar ba.

Da za mu komo gida bayan sadakar uku, motar ba ta mutu a wurin aduwar ba. Ni na tsayar da ita, na sauka da buta.